Kakin Zuma da Rumfar Motar Mai Lofe

Ban san shekarar ba. Ban yi boko ba, kuma a gidanmu ba a ƙidayar shekaru. Na dai san lokacin babban yaƙin Turawa ne, da gishiri ya yi wuya, kananzir ya yi wuya, ana kuma ɗibar maza ana kai su haƙar kuza a duwatsun Jos. Ɗiban gwamna ake ce masa. Ni kuwa na isa kiwon awaki, ban isa riƙe garma ba.

Ƙauyenmu na ƙasar Birnin Gwari ne, gaba da Kusasu kaɗan, daji ya kewaye mu ta kowane gefe. Uwata ta rasu ina kan nono. Kakata ta wajen uba ita ta raine ni, Iya muke ce mata. Ba mace ce mai laushi ba. Hannunta kamar ɓawon itace yake, in ta yi maka wanka sai ka kwana kana jin jikinka. Amma ba ta taɓa cin abu ba ta rage mini ba. Maigida take kirana, irin wasan kaka da jika, kullum tana mitar an haɗa ta da mijin da ba ya cefane sai ci.

In damina ta kama, Iya kan hura wuta a tsakar ɗakinta bayan sallar isha'i, saboda sauro da sanyin ruwa. Takan ɗora ɗanyen ganye a kai ya yi hayaƙi, ta binne gyaɗa ko rogo a cikin toka. Yaran gidajen da ke kusa su taru, mu cika tabarma, ƙafar wani kan ta wani. Kusa da ni kullum Ɗanjuma ne, ɗan Sallau maƙwabcinmu, wanda danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Iya tana kaɗin auduga tana magana, mazari na juyawa, ba ta kallon kowa. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta ce, "Ga wata can tafe, ba ƙafa ba jaki." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma." Wanda ya yi gyangyaɗi, gindin mazari zai ji a tsakar kansa.

Akwai abin da sai na faɗa, in ba haka ba yaran yanzu ba za su gane labarin ba. Babana shi ne ɗan Iya na fari. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Da safe ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa da ƙyar tana kallon bango. In tana son abu daga gare shi sai ta ce mini, "Maigida, gaya wa mutumin nan jinkar rumbu ta zame," alhali mutumin nan yana tsaye yana ji. Kunyar ɗan fari ke nan. Ba ƙiyayya ba ce. A lokacin ni dai na ɗauka ba sa shiri.

Wani Bature ya zo neman gwal a rafukan dajinmu, ya kafa bariki a kan tudu. Sunansa ya fi ƙarfin bakinmu, sai aka sa masa Mai Lofe, don lofe ba ya barin bakinsa. Yana da ƙaramar mota. Ba ta da rufin ƙarfe, rumfa gare ta ta tamfol, an ɗinka a kan ƙarafa masu lanƙwasa kamar haƙarƙarin saniya. In gari ya yi haske a naɗe ta baya, in hadari ya taso a jawo ta gaba a ɗaure a saman gilas. Shi yake tuƙa abarsa. Baba ne mai kula da ita. Ya wanke, ya zuba mata ruwa, ya murɗa ƙarfen gaba har ta tashi, ya tura in ta kafe a laka, ya ja rumfa ya naɗe rumfa. In za a yi tafiya, a baya yake zama tare da kaya.

Gonarmu na ciyar da mu, ba don abinci Baba ya riƙe aikin nan ba. Wanda ke aiki a ƙarƙashin Bature, dagaci ba ya taɓa shi in an zo ɗiba. Mun ga waɗanda suka je kuza. Wasu sun dawo da tari da kumburin ƙafa, suna cewa sanyin can yana shiga ƙashi. Wasu sai rigarsu aka kawo. A shekarar nan kuwa an riga an gaya wa mai unguwarmu ya ba da mutum kafin a gama noman fari. Kowa ya san da Baba ba ya bariki, shi za a fara nunawa, don ya fi kowa ƙarfi a unguwar.

Ruwan farko ya kama Baba da Mai Lofe a hanyar dawowa daga Birnin Gwari. Tamfol ya tsufa, rana ta cinye shi, sai ya yi ta yoyo ta wajen ɗinki. Mai Lofe ya iso bariki a jiƙe, tabarsa ta zama laka. Sabon tamfol ba ya samuwa saboda yaƙi. Ya ce wa Baba ya san yadda zai yi.

Baba ya yi abin da ya sani. Mu nan in fata ta bushe, ko sirdi ne ko takalmi ko guga, mai ake shafa mata ta yi laushi ta daina shan ruwa. Ya je rugar Fulani ya samo man shanu cikin ƙwarya, ya shafe rumfar nan kaf, har tana ƙyalli. Aka yi yayyafi da yamma, ya ga ruwa na zamewa, ya ji daɗi. Ya naɗe ta baya da danshinta ya taho gida.

Tamfol ba fata ba ne. Da aka kwana biyu aka buɗe, wari ya kori kowa daga wajen. Funfuna ta yi baƙi a cikin naɗin, kiyashi sun cika kujeru, ɓeraye sun ci gefe guda. Da rana ta buɗe, man ya narke yana ɗiga a kan farar rigar Mai Lofe. Kukunsa ne ya ba mutane labari a bakin rijiya, yana kwaikwayon Hausarsa. Wai ya cire lofe daga baki, abin da ba a taɓa gani ba, ya ce, "Audu, Juma'a ni tafi Kaduna. Ruwa ɗaya ciki, kai waje."

Baba ya dawo gida yana warin ruɓaɓɓen mai. Bai ci tuwo ba. Labari ya riga shi isowa wajen Iya. Ta san maganin abin, kuma ba ta da hanyar faɗa masa. Ba saƙon jinkar rumbu ba ne da za a ba yaro ya kai, magana ce mai tsawo, kuma in ta aika masa ita ta bakin ɗansa, ta nuna wa duniya ke nan cewa magidanci ya kasa. Shi ma ba zai je ya zauna gabanta ya tambaya ba. Ban da haka ma bai san ta sani ba.

Da aka yi isha'i ta hura wuta kamar kullum. Kafin yara su gama taruwa ta ce, "Maigida, gaya wa mutumin nan igiyar awakina ta tsinke. Ramar tana nan bakin ƙofa. Yau nake so."

Igiyar lafiyarta lau, ni na ɗaure awakin. Na buɗe baki zan faɗa, ta ɗaga mazari, na tafi. Baba ya zo ya zauna daga waje a ƙarƙashin bakin jinka, ya juya mana baya, ya fara tufka a kan cinyarsa. Ana ɗan yayyafi.

Iya ta ce ga wata can tafe, muka ce ta shigo. Ta kama tatsuniyar mai jaki da gishirin sarki. Mun san ta, muna kuma son ta. Wani talaka ne sarki ya ba shi gishiri ya ƙetare daji da shi cikin damina, aka ce in ya narke za a jefa shi cikin ramin da ba a fitowa. A hanya ya tarar da amya ta faɗo daga kan itace, ya ɗauka ya mayar. Can kura ta tare shi za ta cinye jakin, ƙudan zuma suka taso suka yi mata rubdugu. Wajen kurar muke jira kullum, don Iya takan toshe hanci ta yi muryarta tana roƙon zuma gafara, mu yi ta birgima don dariya.

Ran nan sai labari ya bi wata hanya. Wai mai jaki ya ga hadari, ya ɗauko mayafin da ya rufe gishirin ya shafe shi da man shanu.

Ɗanjuma ya ce, "Iya, da ba man shanu a ciki."

"Yau akwai. Kai ka haifi mai jakin?"

Ta ci gaba. Mayafi ya yi wari, kiyashi suka hau jaki, ɓeraye suka huda gefe, gishiri ya fara zufa. Mai jaki ya zauna gindin itace ya haɗa kai da gwiwa. Sai ga sarauniyar zuma ta sauko a kan kunnen jakin. Iya ta ƙanƙance murya ta ce, "Kai bawan Allah, ƙato da kai, gemu har ƙirji, zane za ka shafa wa mai sai ka ce ƙafar amarya? Uwarka ba ta koya maka komai ba?"

Muka yi dariya. Na waiwaya, na ga hannun Baba ya tsaya a kan cinyarsa.

Daga nan tatsuniya ta zama wani abu dabam. Sarauniyar zuma ta sa mai jaki ya tafasa ruwan toka, ya wanke mayafin da sabulun salo, ya sake wankewa, har sai ya shafa yatsa ya ji ba santsi. Ya goge funfunar da soson da ba shi da kaifi, kada ya ci zaren. Ya shanya a miƙe, a ɗaure ta kowane gefe, ciki da waje su bushe ƙayau. Ya yi wa ramukan ɓera maho da basilla, ya ja zaren cikin kaki kafin ya ɗinka. Sannan ta ba shi kakinta. Ya narka a kasko kan garwashi, ba kan harshen wuta ba, ya tace da tsumma don kada sauran zuma ya kira kiyashi.

Wata yarinya ta yi hamma ta ce, "Iya, ina kurar?"

"Tana tafe. Ta tsaya gaisuwar mutuwa."

"Wannan ai ba tatsuniya ba ce," in ji Ɗanjuma, "aiki ne."

"Mai gaggawa ga ƙofa nan, ubansa na nemansa."

Ba wanda ya tashi, don rogo bai nuna ba. Ta ce mai jaki ya jira rana ta take, mayafi ya ɗauki zafi, sannan ya bi shi da kakin, yana murzawa da tafin hannu. Ɗinki kuwa ya bi shi sau biyu, ciki da waje, don ruwa ba ya fasa zane ta tsakiya, ramin allura yake nema.

Sai muka ji gyaran murya daga waje. Baba bai juyo ba. Ya ce, "Tanko."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Tambayi kakarka. Mai jakin nan, in kakin ya bushe ya zo naɗe mayafin, ba ya tsagewa?"

Duk muka waiwaya ƙofa. Ba mu taɓa jin babba ya sa baki a tatsuniya ba. Na juya zan maimaita, Iya ta riga ni, idonta a kan mazari.

"Maigida, ashe kai ma ba ka da wayo. Shafawa aka ce, ba yaɓen ɗaki ba. Siriri ake yi, rana ce mai shigar da shi cikin zare. Abin da ya rage a sama a goge. In ka ga fari-fari a kai, ya yi yawa."

Can sai Baba ya sake cewa, "Tambaye ta, yaya mai jakin ya gane ya yi?"

"Ya watsa ruwa mana. In ya dunƙule yana gangarowa kamar a kan ganyen gwaza, ya yi. In ya bar tabo, da saura." Ta ja zare ta naɗe. "Kuma sarauniyar zuma ta ja masa kunne. Ta ce ko sarki ne ya ce ya naɗe mayafin da danshi, ya ce jakinsa ne ya ƙi tafiya, har ya bushe."

"Kurar fa?" muka ce gaba ɗaya.

"Kura ta zo ta shinshina, ba ta ji ƙanshin mai ba, ta yi tsaki ta wuce. Gishiri ya isa. Ta ƙare, ta bi hayaƙi ta fita. Wanda ya ga ƙarya a ciki ya tsince ta ya ba awaki."

Yara suka tashi suna gunaguni, Ɗanjuma na cewa an cuce mu, ba a harbi kura ba. Da na leƙa waje Baba ya tafi. Igiyar tana nan rabi, ba a ƙarasa ba, kuma Iya ba ta sake tambayar ta ba. Sai daga baya na ji inda ta koyi abin. Kakana maharbi ne a dajin Kamuku, ita ke shafa wa zanen da yake naɗe albarushi da shi kaki, don kada damina ta kashe masa bindiga a gaban ɓauna. Ya rasu Baba yana ƙarami.

Saura kaki. Mai amya a unguwarmu mutum ɗaya ne, Sallau, uban Ɗanjuma. Siririn mutum ne mai yawan barkwanci, ƙirjinsa ba shi da ƙarfi tun yana yaro. Tare aka yi musu kaciya da Baba. Da sassafe ina kwance awaki na ji su ta danga.

"A'a, sarkin man shanu! Ka zo shafa mini ne ni ma?"

"Kai dai bari, Sallau. Kaki nake nema, mai yawa."

Sai na ji muryar matarsa daga ƙofar ɗaki, ƙasa-ƙasa. "Malam, kakin nan fa."

"Ke, shiga ciki," in ji Sallau. Ya shiga ya fito da curi-curin kaki cikin kwando, duk abin da ya tara tun rani. Ya ce, "Ungo. Ka shafa da kyau, kada ka ɓata mini kaya. In ya rage ka shafa wa Baturen a sanƙo, shi ma yana yoyo."

Baba ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya daɗe a tsaye da kwandon kafin ya tafi.

Ya yi yadda sarauniyar zuma ta ce, bai tsallake komai ba. Abu ɗaya ya ƙara na kansa. Da ya sauke kaskon ya kai shi nesa da wuta, ya zuba ɗan kananzir da kuku ya ba shi, don kakin ya saki ya daɗe bai daskare ba. Allah ya taimake shi aka yi rana mai zafi a tsakani. Tafin hannunsa ya saɓule wajen murza. Rumfar ta tashi daga fari-fari ta koma kalar ƙasa, tana ƙanshin zuma da kananzir. Mai Lofe ya zagaya ta, ya danna da yatsa, ya shinshina.

Ranar Juma'a suka tafi. Da la'asar gabas ta yi baƙi, aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka kwana ana yi, aka wuni. Iya ba ta yi tatsuniya ba a kwanakin nan, ta ce haƙorinta ke ciwo. Ba ta da haƙorin da zai yi ciwo. In ta ji motsi sai ta ce in je in dubo ko kura ce ta shiga garke, da rana tsaka, alhali daga garken ake hango hanyar bariki.

Da suka dawo, Baba ya shigo gida da laka har gwiwa saboda turin mota, amma kafaɗar rigarsa a bushe. Ya durƙusa a ƙofar Iya ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Ya miƙe, ya dube ni ya ce, "Gaya wa kakarka gishiri ya isa."

Iya ta ce, "Wane gishiri kuma? Ni tatsuniya na yi wa yara." Ta ja mayafi ta rufe fuska, wai hayaƙi ya shiga mata ido. Ba a ko hura wuta ba.

Baba ya zauna a aikinsa. Tun daga ranar bai sake naɗe rumfar nan da danshi ba, ko Mai Lofe na buga ƙafa. Duk ƙarshen rani ya wanke ta ya sake bin ɗinki da kaki. Ta kai har Baturen ya tattara ya bar ƙasarmu.

Amma mai unguwa mutum aka ce ya bayar, kuma ya bayar. Ana cikin noman fari dogarai suka zo. Sallau aka nuna. Na ga fitarsa da ƙullin guzuri a kafaɗa, yana ce wa Baba ya riƙa leƙa masa amya, kada ya shafa musu man shanu. Ba wanda ya yi dariya. Ɗanjuma ya bi su da gudu har bakin rafi, aka riƙo shi. Kafin kaka ta yi, wani mutumin Damari da suka tafi tare ya dawo da labari. Sanyi ya kama ƙirjin Sallau, a can aka binne shi.

Daga nan Iya ta canja wurin zama a bakin wuta. Ta kore ni daga gefenta ta sa Ɗanjuma. Rogon da ya fara nuna nasa ne. In ta kwashe tuwo, akushi na farko ta danga yake ƙetarawa. Baba ya riƙa nome gonar Sallau kafin tamu, ya kula da amyar har Ɗanjuma ya isa hawa itace. Na yi fushi, na ce an ƙwace mini mata, Iya ta ce dama ta gaji da ni. Tatsuniyar mai jaki kuwa ba ta sake yin ta ba, ko mai kurar ko maras kurar. In mun roƙa sai ta ce ta manta.

Na girma na bi mota. Na yi karen mota, na yi direba, na ɗaure tamfol a kan buhunan mutane daga nan har bakin teku. Na ga haɗari, na ga yunwa, na binne mata da 'ya'ya. Duk tsawon lokacin nan abin da na riƙe daga daren nan shi ne a yi aiki da kyau, a saurari tsofaffi ko da ba da kai suke magana ba. Haka nake gaya wa yaran motata in na ga sun naɗe tamfol a jiƙe. Ba ƙarya ba ne, amma ba shi ke nan ba.

Wata damina na zo gida na tarar da Iya ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, mazari ya gagare ta. Ni na hura mata wuta. Muna zaune mu biyu, sai na ji abin da ya daɗe yana cina ya fito da kansa. Na ce, "Iya, ran da kika yi tatsuniyar nan, kin san in ba a ɗauki Baba ba Sallau za a ɗauka?"

Ba ta yi jinkiri ba. "Na sani."

"Shi fa Sallau, da ya ba da kakin?"

"Ya fi ni sani. Unguwar duka maza nawa suka rage?"

Na ce, "To me ya sa ya bayar?"

"Abokinsa ne ya tsaya masa a ƙofa. Me kake so ya yi?" Ta miƙa tafin hannu wajen wuta. "Ni nawa na duba. Ba zan yi maka ƙarya ba, ko yau aka sake, haka zan yi. Shi dai Sallau uwarsa ce ta riga ta mutu. Da tana da rai, da ta ɓoye kakin nan inda ko ɓera ba zai gano ba."

Ba mu sake maganar ba, kuma ba ta ga wata daminar ba.

Yanzu na kai shekarunta ko na wuce. Ba na ganin laifinta. Da ba ta yi tatsuniyar nan ba da na tashi ba uwa ba uba, kuma na san yadda hakan yake ƙarewa. Amma na daina cewa dabarar Iya ce kaɗai ta ceci Baba. Rumfa ba ta hana ruwa sauka, kauda shi take yi daga kanka, ya gangara ta gefe, kuma a gefen nan akwai mutum. Wanda ya tsira a bushe ya kamata ya san sunan wanda ya jiƙe. Ɗanjuma na nan da rai, ya makance shi ma kamar Iya, har yau danga ɗaya ce tsakaninmu. Jikokina sun san in an kwashe tuwo ba a fara kawo mini. Sun ɗauka don ya girme ni ne. Ni na girme shi.